Zaman Makokin da Ya Kusa Kore Ni daga Jidda

Tun da na dawo Yauri ban huta ba. In na zauna bakin kogi ana tambaya, in na je masallaci ana tambaya, har mai shayin tasha sai ya riƙe mini kofi ya ce, "Sa'idu, wai da gaske ne an ce ka gudu daga jirgin Larabawa?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki gutsirensa ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni makaniken injin jirgin ruwa ne. A kan injinan kwalekwale na koyi aiki a nan gida, daga baya na yi shekara tara a jiragen da ke jan manyan jirage a Legas da Fatakwal. Kowane ma'aikacin ruwa yana da wani ɗan littafi da kyaftin ke buga wa hatimi idan ka gama aiki a jirginsa, ya rubuta ranar hawanka da ranar saukarka da halinka. Nawa ko ɗigon baƙi babu, kuma ina ji da shi fiye da yadda nake ji da hular sallata. Shi ne ya sa wani tsohon maigidana ya ba da sunana lokacin da wani kamfani a Jidda yake neman makanike a jirgin shaƙatawa na wani attajiri.

Ranar tafiya Innata ta fito da wani ƙunshi cikin tsohon zane. Kifin banda ne, tarwaɗa da ragon ruwa. Ta ce akwai wani Haruna, ɗan maƙwabtan kakanninta, wanda iyayensa suka tafi da shi Hajji a ƙafa yana yaro, ba su dawo ba. Wata mata da ta je Umra ce ta taɓa kawo lambar ɗansa.

Na ce, "Inna, garin nan fa a bakin teku yake. Kifi zan kai musu?"

Ta ce, "Kifin gishiri ai ba kifi ba ne. Kai dai kai mishi. Kuma ka riƙe aikinka da kyau, kai za ka kai ni in ga ɗakin Allah."

Na ce in sha Allah. Wannan alkawarin ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Hanyar Kano ba ta da labari sai na faci biyu da wani fasinja da ya yi ta sayar mana da maganin basir har Kwantagora. A filin jirgin Jidda ne kifin ya fara aikinsa. Jami'in da ke duba kaya ya kwance zanen, ya ja baya, ya kira abokinsa, shi ma ya ja baya. Na yi ta nuna kifin ina cewa "samak, samak," don ita ce kalmar da na haddace a jirgi. Suka juya shi da bakin biro, suka yi shawara, a ƙarshe babban ya daga hannu ya ce, "Yalla, yalla," wato in kwashe abina in ba su iska.

Jirgin da zan yi aiki a kai yana can arewacin gari, wajen da ake kira Abhur, inda masu kuɗi ke ɗaure jiragensu a jere. Fari ne tas, ba a hawansa da takalmi. Ɗakin injinsa ya fi ɗakin amarya tsabta. Makwancina kuwa gado ne a saman gadon mai dafa abinci, wani ɗan Bangaladash mai suna Rafik, in na miƙe da sauri rufi ya gaishe da goshina. Kyaftin Bature ne, mutum mai kaifin aiki da gajeren haƙuri. Ranar farko ya karɓi fasfona da littafina ya kulle a durowarsa, ni kuma na miƙa da hannu biyu. Bayan 'yan makonni iƙama ta fito, wato katin zama a ƙasar, aka turo mini kwantiragin aiki a waya aka ce in danna na amince. Na danna ban karanta ba.

Abincin gari na saba da shi da wuri. Da safe wake ne dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi, da rana shinkafa da kaza, gobe kaza da shinkafa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gahawarsu: ɗan kofi kamar murfin kwalba, kuma rabi za a zuba maka. Na ɗauka rowa ce, ashe in aka cika maka kofi ana nufin ka sha ka tashi.

A ƙofar matsayar jiragen akwai mai gadi, Malam Usman, Bahaushen Sudan. Ranar da na yi masa sallama ya amsa da "Sannu da zuwa, ɗan'uwa," sai da na juya in ga ko wani ne a bayana. Tun daga nan ba na wuce shi sai mun gaisa gaisuwa ta gaske, gida da iyali da gajiya da zafi. Duk wanda zai shiga sai ya rubuta sunansa da lambar iƙamarsa da lokaci a wani babban littafi, ni kuwa nakan daɗe a kan littafin nan don hira ta yi tsawo.

Juma'ar farko da na samu hutu na nemi Hindawiyya, tsohuwar unguwa a kudancin gari. Tafiya ce mai nisa, amma ina sauka na ji ƙamshin tsire. Wallahi tsire, da ƙuli da yaji, sai dai su "siriya" suke ce masa, Larabawa sun yi layi suna saye. Ɗan Baba Haruna, Khalid, ya zo ya tarye ni. Yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai ta karkace ta koma Larabci.

Baba Haruna tsoho ne dogo, ido ya fara tafiya. Shekarunsa na aiki a tashar jiragen ruwa ya yi su, yana dakon kaya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙunshin. Bai kwance ba. Ya ɗauka ya kai hancinsa, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Wannan na gulbinmu ne. Yaro, har yanzu ruwa na cika ya taɓa gindin tsamiyar nan ta bakin kasuwa?"

Ban san tsamiyar ba, wataƙila dam ya cinye ta tun kafin a haife ni. Na ce masa gulbi dai yana nan. Daga ranar duk Juma'a a gidansa nake cin abinci, shi ne ma ya umarci Khalid ya kai ni Makka na yi Umra. A nan na san babbar 'yarsa, Yaya Asiya, mace mai tabarau da saurin magana, wadda ke aiki a wani ofishin lauyoyi da ke kula da rigingimun jirage da ma'aikata. Takan tsokane ni ta ce, "Ya Sa'id, ka karanta kwantiraginka kuwa?" In ce mata sai na samu lokaci.

Wata na biyar, ran wata Litinin da hantsi, ina ɗakin inji Khalid ya kira. Baba ya cika, za a yi masa salla bayan la'asar. Na aje sufana. Kyaftin ya shiga gari. Na leƙa kicin na ce wa Rafik dattijona ya rasu, ya gaya wa kyaftin zan yi kwana uku. Ya ce to. Na wanke hannu na fita da rigar da ke jikina.

Ku da kuke karantawa a gida na san ba ku ga laifi a nan ba, ni ma ban gani ba. A wajenmu wa yake neman izinin mutuwa? Ka bar sallahu ka tafi, maigidan ma in mutumin kirki ne ya biyo ka ta'aziyya.

Na samu salla, na kama makara tun daga ƙofar masallaci. Su a can kowa ya ɗan ɗauka sai ya matsa wani ya karɓa, ni kuwa na riƙe ƙafar gaba na ƙi saki har bakin kabari. Da muka dawo na nemi tabarma na shimfiɗa a ƙofar gida na zauna, ina jiran jama'a. Shiru. Ashe makokinsu ba irin namu ba ne. Sai bayan magariba ake jera kujeru a titi, a kunna fitilu, 'yan'uwan mamaci su tsaya a layi, mutane su bi su suna ta'aziyya, a sha gahawa, bayan isha'i kowa ya watse. Da rana kuwa kowa na harkarsa, har Khalid sai da ya leƙa shagonsa a rana ta biyu. Da na da wayo, da na je aiki da safe na dawo da yamma, babu wanda zai ce ban kyauta ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ni na ƙi. Na ce ba za a ce Baba Haruna ya rasu ƙofar gidansa ta wuni babu kowa ba. Kwana uku ina kan tabarmar nan ni kaɗai da carbi, yaran unguwa na leƙe na. Wayata ta mutu tun daren farko, cajar tana jirgi, ban ma nema ba, don ba a latse-latsen waya a wurin makoki.

Ran Alhamis da sassafe na koma Abhur. Na gaisa da Malam Usman, ya yi mini ta'aziyya, na rubuta sunana, amma na ga yana kallona wani iri. Na gangara inda jirginmu yake. Ruwa ne kawai, da igiya guda a naɗe.

Malam Usman ya ce, "Sun tashi jiya. Mai jirgi ya kira bagatatan, wai arewa za su, wajen Yanbu, sai bayan sati uku. Kyaftin ya yi ta kiran wayarka, ya yi ta zagi, suka ɗauki wani makanike."

Ya ba ni caja. Wayar na kamawa saƙo ya shigo da Larabci. Malam Usman ya karanta, ya cire hularsa ya mayar.

"Kafilinka ya kai balagi. An rubuta ka hurub."

Kafili shi ne kamfanin da ya kawo ka, balagi rahoto ne ga hukuma, hurub kuwa ma'aikacin da ya gudu. Wanda wannan suna ya tabbata a kansa ƙarshensa kamu ne, a tsare shi, a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, a rufe masa ƙofar ƙasar. Fasfona da littafina kuma suna tsakiyar teku a durowar mutumin da ke ganin na ci amanarsa. Na zauna a kan bencin masu gadi. Maganar Inna ce kawai ke yawo a kaina. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Malam Usman ya ba ni katifa a ɗakinsu na masu gadi, muna cin abinci kwano ɗaya. Ban gaya wa gidan Baba ba, ina zan kai wa masu makoki tawa damuwar? Kullum da safe sai in yi wanka, in sa rigar nan tawa guda da na wanke, in zo ƙofa mu gaisa da shi kamar ba ɗaki ɗaya muka kwana ba, in rubuta sunana, in je in zauna gaban ruwan da babu jirgi har azahar. Ba dabara ba ce. Ban san abin da zan yi da kaina ba ne, kuma jikina ya saba.

Masu ba da shawara ba su yi wuya ba. Wani ɗan Zinder mai wanke jirage ya ce in sulale unguwar Sa'alaba a cikin gari, akwai garejin da ba a tambayar takarda, makanike kamar ni ba zai kwana da yunwa ba. Wani ya ce in rantse mamacin mahaifina ne, tunda doka ta ba da hutun kwana biyar in uba ya rasu. Na farkon sai da na kwana ina juya shi a raina.

Ran Lahadi na tafi Hindawiyya don addu'ar bakwai, wadda su ba su ma cika yi ba. Ina shiga zaure Yaya Asiya ta leƙo, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan rigar ce ka zo da ita ranar jana'iza. Ina jirginku?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Ya Sa'id, ba ni wayar." Ta karanta saƙon, ta ce, "La haula. Kwana huɗu kana ɗauke da wannan? Kai wane irin mutum ne?"

Na ce ai kuna cikin rashi.

"Halas, shi ke nan, rashi an yi. Zauna."

Ta buɗe kwantiragin nan da na danna ban karanta ba, ta karanta mini shi layi-layi, rabi Hausa rabi Larabci. A nan na ji abubuwan da ban sani ba. Ta ce da, in kafili ya rubuta ka hurub, magana ta ƙare, sai dai ka yi ta roƙo. Yanzu an sauya: ana ba ka wa'adi, kuma kana da damar kai ƙara ka ce ƙarya aka yi maka. Ta ce doka ba ta ɗauki kwana uku a matsayin gudu ba, sai mutum ya ɗauke ƙafa fiye da kwana goma sha biyar a jere, kuma sai an rubuta masa gargaɗi tukuna. Fasfo ma, ta ce, ba hakkin kafili ba ne ya riƙe in ba da yardarka ba. Na gaya mata shawarar cewa mahaifina ne. Ta cire tabarau.

"Baba bai yi ƙarya yana raye ba, ba za a yi da shi yana kabari ba. Amma suna iya cewa tun Litinin ba ka sake zuwa ba. Wa ya gan ka?"

Na ce babu kowa sai mai gadi, shi ma gaisawa kawai muke in rubuta sunana in wuce.

Ta ɗago kai. "Ka rubuta sunanka? A ina?"

Washegari ita da Khalid suka zo Abhur, tana cikin baƙaƙen kayanta. Malam Usman ya nemi izinin shugabansa, ya buɗe littafin ƙofa. Ga sunana nan, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, ƙarfe bakwai saura, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Ta ɗauki hoton kowane shafi. Ta ce in ci gaba da zuwa kada in fasa ko rana ɗaya.

Ta shigar mini da ƙara. Zaman sulhun ta waya aka yi, fuska da fuska a allo, ni da ita a ofishinsu, jami'in ma'aikatar ƙwadago a nasa, wakilin kamfani a nasa. Wakilin ya ce na bar jirgi ba izini, na kashe waya, na jefa su cikin wahala. Duk gaskiya ne, na kuma amsa. Yaya Asiya ta tura hotunan. Jami'in ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ta bakinta: mamacin mene ne nawa?

Na ce, "Ba mu haɗa jini ba. Mutumin gulbinmu ne, kuma a gidansa nake cin abinci."

Ta fassara. Jami'in ya yi mini ta'aziyya da Larabci, ya juya ga wakilin ya tambaye shi ina takardar gargaɗin da suka rubuta mini. Babu. Aka tashi a kan kamfani zai janye balagin, ni kuma zan karɓi gargaɗi a rubuce kan kwana ukun da na yi ba izini. Na karɓa da hannu biyu, don na cancance shi. Zuwa da kai ya fi saƙo, wannan karin maganar tun ina yaro na san ta, sai a Jidda na gane ta.

Da jirgi ya dawo, Rafik ne ya fara sauka. Ya kama hannuna yana kuka, ya ce ranar kyaftin ya dawo a fusace saboda kiran mai jirgi, shi kuma tsoro ya hana shi buɗe baki, da abin ya girma sai ya ƙara jin tsoro. Da kansa ya je ya gaya wa kyaftin gaskiya. Ban riƙe shi ba, shi ma baƙo ne mai 'ya'ya a gida. Kyaftin ya kira ni, ya buɗe durowa ya miƙo mini fasfona, ya ce daga yau kowa ya riƙe nasa. Ya ce in mutuwa ta sake faruwa in rubuta masa layi ɗaya, ko a jikin kwalin sabulu ne. Na ƙarasa shekarata a jirgin lafiya. Ranar sauka ya buga hatimi a littafina, a gurbin hali ya rubuta mai kyau ƙwarai.

Kafin in wuce filin jirgi na biya Abhur na rungumi Malam Usman, sannan na tafi Hindawiyya sallama. Na nuna wa Yaya Asiya shafin. Na yi ta neman kalmar godiya, duk wadda na ɗauko sai in ga ta yi kaɗan. A ƙarshe na ce mata abin da ya daɗe yana cina: me ya sa ta bar makokin mahaifinta ta bi ni ofis-ofis, ni da wautata ce ta jawo?

Ta ce, "Wauta kam ka yi ta." Ta gyara tabarau. "Amma ka san abin da Baba ya fi faɗa mana tun muna yara? Ya ce shi a nan za a binne shi, ya yarda, ƙasa ce mai albarka. Abin da ke damunsa kawai, babu mutumin garinsu ko ɗaya da zai kama masa makara. Khalid ya ce mini an yi an yi ka saki ka ƙi. Ni kuma kwana uku ina leƙowa ta taga ina ganinka a kan tabarma, rana na dukanka." Ta miƙo mini tsohon zanen Inna, a wanke, a ninke. "Ka kawo mana ita. Ɗakin Baba yana nan."

A filin jirgi jami'in ya duba fasfona, ya duba allonsa, ni kuma ina ta addu'a duk da na san an goge hurub ɗin. Ya buga hatimi ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba.

To mai shayi, ka ji. Ban gudu ba, makoki na je. Fasfon Inna ya fito makon jiya, ta riga ta sa a fara yi mata bandar kifi.